Cire Kuɗi a Ƙasar Waje: Gaskiya da Jita-jita

Duk wanda zai daɗe a ƙasar waje, ɗalibi ne a Alƙahira ko ɗan kasuwa a Istambul, yana iya biyan caji hawa uku a duk lokacin da ya cire kuɗi a na'urar ATM: na bankinsa na gida, na masu na'urar, da ribar da ake cusawa cikin farashin canji. Galibin maganganun da ke yawo a bakin matafiya sun taso ne daga rashin bambance waɗannan ukun.

Wadda ta fi cutarwa ita ce cewa idan na'ura ta nemi a yi lissafi da kuɗin da ke cikin katin, dala ko fam, gara a amince don mutum ya san abin da aka cire masa. Wannan ba gaskiya ba ne. Wanda ya amince ya ba masu na'urar wuƙa da nama su yanka farashin canji da kansu, kuma nasu kusan kullum ya fi na Visa ko Mastercard tsada. Daidai shi ne a zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki, lira a Turkiyya, riyal a Saudiyya. A Saudiyya ma gane cutar ba wuya, domin tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 take.

Batun katin da ba a caji kuwa rabinsa ne gaskiya. Banki na iya yafe nasa kason, amma ba shi da iko da na masu na'ura. A Tailan, yawancin na'urori kan karɓi bahat 220 ko fiye daga katin waje, ko nawa aka cire. Akwai kuma ƙawancen Global ATM Alliance, inda bankuna irin su Barclays, BNP Paribas da Deutsche Bank ke yafe wa abokan cinikin juna kuɗin na'ura, sai dai kuɗin canji na iya kasancewa nan daram.

Cewa cire kuɗi mai yawa a lokaci guda ya fi sauƙi gaskiya ne inda cajin ƙayyadadde ne. Inda ake yankar kaso cikin ɗari, babu abin da ya ragu. Katin bashi kuwa bai dace da wannan aiki ba, don ruwa kan fara hawa tun ranar cirewa.

Har yanzu ana jin cewa katin naira ba ya aiki a waje. Haka abin ya kasance bayan bankunan Najeriya da dama sun dakatar da shi a 2022 saboda ƙarancin dala, amma a Yulin 2025 wasunsu sun dawo da shi tare da iyaka. Iyakar ta bambanta daga banki zuwa banki, shi ya sa mai dogon zama ya fi samun natsuwa da katin asusun dala.

Masu gudun caji ta hanyar ɗaukar tsabar kuɗi sukan ji cewa haramun ne a wuce dala 10,000. Ba a haramta ba. Dokar Amurka ta ce a bayyana wa jami'an kwastan abin da ya haura dala 10,000, Tarayyar Turai kuma daga yuro 10,000 zuwa sama. Wanda ya ɓoye shi ne ake iya ƙwace wa kuɗin, a kuma ci shi tara.