La'adar Dillalan Gidaje a Amurka

A ƙasar Amurka, mai son sayar da gida yakan danƙa shi ga dillali, shi kuwa ya sa shi cikin wani kundi da dillalan yankin suka yi tarayya a kai, wanda a ke kira MLS. A da, nan a ke rubuta farashin gida da rabon da za a ba dillalin mai saye. La'adar duka takan kai 5 ko 6 bisa ɗari, mai gida ya biya, dillalan biyu su raba.

Sai masu gidaje suka kai ƙara, suka ce tsarin nan ya hana a yi cinikin la'ada. Cikin Oktoba 2023 wata kotu a Jihar Misuri ta ba su gaskiya. Cikin Maris 2024 ƙungiyar dillalan ƙasar ta yarda za ta biya dala miliyan 418, daga Agusta kuma aka hana rubuta rabon a kundin. Yanzu sai mai saye ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da dillalinsa kafin a kai shi ganin gida.

To, a ganinmu gyara ne mai kyau, amma ba shi zai saukar da tsada ba. A 2024 matsakaicin gida ya haura dala 400,000. Ruwan bashin sayen gida, wanda bai kai 3 bisa ɗari ba a farkon 2021, ya kusa 7 a 2024. Gidajen da a ke ginawa kuwa sun kasa masu nema. Muddin ba a ƙara gini ba, lalle ƙaramin ma'aikaci yana nan a gidan haya, ko da dillali ya yafe la'adarsa duka.