Likita, Nas da Kwamfutar da ta Shiga Tsakani

A shekarar 2009 Amurka ta kafa dokar HITECH, ta ware biliyoyin daloli domin asibitoci su bar fayil na takarda su koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Amfanin hakan a fili yake: kati ya daina ɓata, rubutun likita da ba ya karantuwa ya kau, na'ura kuma kan yi gargaɗi idan an rubuta magungunan da ba sa jituwa. Asarar da ba a lissafa ba ita ce maganar baki da baki, wadda a kanta aikin jinya ya ginu.

Wani bincike da Christine Sinsky ta jagoranta a 2016 ya bibiyi likitoci 57, ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da majinyaci, yakan yi kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur, ban da wanda yake ƙarasawa a gida da dare. Lokacin nan daga majinyaci da abokan aiki aka ɗebe shi. Abin da ya faru a birnin Dallas a watan Satumbar 2014 ya nuna inda hakan ke kaiwa. Wani mutum da ya zo daga Laberiya ya je asibiti da zazzaɓi, ya gaya wa nas cewa daga Afirka yake, ta shigar da bayanin a kwamfuta, amma aka sallame shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ashe Ebola ce. Ya rasu a watan Oktoba, nas biyu suka kamu. Kwamitin da ya binciki lamarin ya ambaci dogaro da na'ura fiye da kima wajen isar da muhimmin bayani.

Wasu za su ce laifin ma'aikata ne, tun da bayanin yana nan ga mai dubawa. Akwai gaskiya a ciki, amma tsari ne ke koya wa mutum ɗabi'a. Idan nas ta saba cewa shigar da bayani ya sauke mata nauyi, likita kuma shafuka sun yi masa yawa, dole wani abu ya faɗi a tsakani. Wasu kuma za su ce haka fasahar take. Amma wani nazari na 2018 ya nuna cewa tsawon rubutun likitocin Amurka ya kusan ninka na takwarorinsu a wasu ƙasashe sau huɗu, alhali manhaja ɗaya ce, ta kamfanin Epic. Dalili shi ne a Amurka ana rubutun ne domin inshora da kare kai daga shari'a.

Don haka asibitocin da ke rungumar tsarin yanzu, har da na Najeriya, su fara yanke shawarar wanda ake yi wa rubutun. A taƙaita abin da ake cikewa, a sa likitoci da nas-nas cikin tsara manhajar, a kuma wajabta cewa duk bayanin da rai ya rataya a kansa sai an faɗe shi da baki, ko da an riga an rubuta.