Fitilar moto: wacce ta dace da hanyar rairayi da dare?

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Dakoro bayan isha'i ya nufi ƙauyukan gundumar Ajekoriya ya san da zarar an sauka daga babbar hanya, sai rairayi da ramuka da amalanken shanu da ba su da ko ɗigon haske. Da dare kuwa moto ce motar ɗaukar marar lafiya a ƙauyukanmu, ita ke kai mai naƙuda likita. Shi ya sa ƴan kabu-kabu da yawa suke cire ƙwan fitilar da moto ta zo da shi, su sa irin farin nan na LED. Wani ya dace, wani kuma kuɗinsa ya tafi a banza.

Abu na farko, kafin ka sayi komai, ka tambayi mai gyaran wuta: fitilar motonka daga batir take sha, ko kai tsaye daga bobin? Ƙananan motoci da yawa daga bobin ne. Alamar ita ce in ka saki totur haske ya ragu, in ka ja ya ƙaru. Irin wannan wutar tsohon ƙwai mai wat 35 yana jure ta, amma LED ɗin da aka yi don wutar batir kaɗai zai yi ta ƙyafta ido, ko ya ƙone cikin ƴan kwanaki. Sai dai ka nemi wanda aka rubuta AC/DC a kwalinsa, ko a mayar maka da layin fitilar kan batir, a sa fizibil. Ka kuma tafi kasuwa da tsohon ƙwan a aljihu, don gindinsu ba iri ɗaya ba ne.

Sai maganar launi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Matasa sun fi son farin haske mai ratsin shuɗi, wanda ake rubuta wa 6000K ko sama, wai ya fi ƙarfi. A kwalta cikin gari, to ba laifi. Amma da hunturu, lokacin da hazo ya sauka, ko kana bin bayan wata moto da ta tada ƙura, wannan farin hasken bugun ƙurar yake yi ya dawo maka a ido, ka ga kamar an rataya maka farin ƙyalle a gaba. Mai ɗan ja-ja ko rawaya, wajen 3000K zuwa 4300K, bai cika gajiyar da ido haka ba. Ni dai a hanyarmu shi zan zaɓa. Lambobin ƙarfin haske da ake bugawa a kwali kuwa, kada su ruɗe ka, sau da yawa talla ce.

Abin da ya fi ƙarfin haske muhimmanci shi ne inda yake sauka. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, kuma birki a rairayi ba kamar a kwalta ba ne. Kana buƙatar wutar nesa, wadda direbobi ke ce wa far, da wutar kusa, wato kod, mai buɗewa gefe da gefe don ka ga jakin da zai faɗo daga gona. Ƙwan LED ɗin da bai zauna daidai cikin kwanon fitila ba watsa haske yake yi ko'ina, ya makantar da mai zuwa, kai kuma ba ka ga ramin gabanka ba. Gwajin ba wuya: da dare ka tsaya mita 5 daga bango, kana zaune a kan moton, ka kunna kod. Saman hasken ya kamata ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da kamar yatsu uku. Ka sake gwadawa da fasinja ko buhun hatsi a baya, domin nauyi yana ɗaga kan moto, hasken ya koma sama.

LED mai ƴar fanka a gindi, ƙurarmu kan toshe fankar, zafi ya kashe shi. Marar fanka ya fi daɗewa. In ka ga IP67 a jiki, ma'anarsa ƙura ba ta shiga, kuma yana jure ruwan damina.

Su kuma samarin da ke tsere da dare bayan biki, suna ɗaura ƙarin fitila biyu ko uku a kan moto: bobin ɗin ƙaramar moto ba ya iya ciyar da su duka, batir ne ke biya, har wata rana ya mutu a tsakiyar daji. In dole sai an ƙara, guda ta isa, da makunninta daban, a kashe ta da zarar an hango wani yana zuwa.