Kalmomin Bayanau Masu Kama da Juna a Ingilishi

A ƙasar Ƙonni, Malbaza da Ilela, Hausa ita ce harshen gida da kasuwa, Faransanci kuwa shi ne harshen boko. Ingilishi sai a kwaleji ake fara shi, ko da yake iyakar Nijeriya na dab da Birnin Ƙonni. A shekarar 2025 dokar ƙasa ta ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, ta kuma sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci. Saboda haka kuskuren da ake ɗauka na aji ne kawai yana iya shiga takardun aiki.

Tushen matsalar shi ne wannan. Ɗalibi ya san cewa a Faransanci ɗafa-ƙeyar -ment kan mai da sifa bayanau, kamar lent da lentement. Da ya ga slow da slowly, sai ya ɗauka -ly ma haka take a ko'ina. Amma akwai kalmomin da su kansu bayanau ne, in aka ɗafa musu -ly sai ma'anar ta sauya:

1. He works hard: yana aiki tuƙuru.
He hardly works: da ƙyar yake taɓa aiki.

2. The lorry came late: motar ta zo a makare.
The lorry came lately: motar ta zo kwanan nan.

3. He came near: ya matso kusa.
He nearly came: saura kaɗan ya zo, watau bai zo ba.

Misali na farko ya fi haɗari, domin mai niyyar yabon ma'aikaci sai ya ɓata masa suna. Na biyu kuwa yana iya haddasa gardama tsakanin mai albasar Galmi da mai sayenta.

Hanyar gyara tana cikin Hausa kanta. Da can, mai dogon wasali da karin faɗau, dabam take da da ta haɗi, mai gajeren wasali da karin ƙasa. Haka kuma nan mai karin faɗau na nuna inda mai magana yake, mai karin sama kuwa inda mai saurare yake. Bahaushe bai taɓa rikita waɗannan a baka ba, alhali rubutunsu ɗaya ne.

Ya kamata malami ya fara da irin waɗannan misalai, sa'an nan ya kawo na Ingilishi bibbiyu cikin jumla, kowace da fassararta, ba a jere cikin jadawalin hadda ba. Ɗalibin da ya gane haka a harshensa ba zai dogara da kamannin kalma a harshen wani ba.