IDAN CUTA TA SHIGA SANSANIN 'YAN ƘWALLO, INA MAKOMAR WASA?

Daga Wakilinmu a Gombe

Duk mai sha'awar tamaula a birnin Gombe ya san yadda filin wasa na Pantami ke cika ya batse ranar da kulob ɗin gida zai kara da baƙi. To amma ba kowa ba ne ke tunanin cewa wannan taro duka ya rataya ne a kan lafiyar samari goma sha ɗaya da 'yan benci kaɗan. Ciwon gwiwa ko targaɗe mutum ɗaya yake kayarwa, a sa wani a madadinsa. Cuta mai yaɗuwa kuwa, irin su amai da gudawa ko mura mai tsanani, tana iya kwantar da rabin kulob a dare guda. Daga nan sai a shiga tsaka mai wuya, domin abu uku ne kawai ya rage: ko a ɗage wasa, ko a buga da waɗanda suka saura a tsaye, ko kuwa a ƙi fita fili a sha hukunci.

SHEKARAR DA GOMBE TA YI ASARA

Mutanen Gombe sun ɗanɗana wannan al'amari a aikace. A shekarar 2019 Gombe United ta faɗo daga babban rukuni na ƙasa zuwa rukuni na biyu, magoya bayanta kuwa suna sa rai za ta koma cikin shekara guda. Ana cikin haka sai cutar korona ta ɓulla a Nijeriya a ƙarshen watan Fabrairu na 2020, kafin watan Maris ya ƙare an tsai da wasanni duka. Babban rukuni ya tsaya bayan zagaye na 25, Plateau United ta Jos tana kan gaba. Daga baya hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta yanke shawarar rufe kakar, aka raba makin kowane kulob da yawan wasannin da ya buga don a fitar da masu wakiltar ƙasa a gasar Afirka, aka kuma ce babu mai hawa babu mai sauka. Kakar rukuni na biyu kuwa soke ta aka yi ɗungurungum.

Watau dai Gombe United ta yi asarar shekara guda cur ba tare da an ci ta a fili ba. Sai a 2021 ta sami komawa babban rukuni, tare da Niger Tornadoes da Shooting Stars da Remo Stars. Asarar ba ta tsaya kan kulob kaɗai ba. Mai sayar da rake da mai tsire a bakin fili, da direbobin Keke Napep masu jigilar 'yan kallo, da masu masaukin da baƙi ke sauka, kowa ya ji a jikinsa.

Ba a nan cuta ta fara yi wa ƙwallon Nijeriya cikas ba. A 1995 Nijeriya ce aka bai wa baƙuncin gasar matasa ta duniya, amma ana dab da farawa hukumar FIFA ta janye ta bisa dalilin tsoron sanƙarau da kwalara, ta mai da ita Ƙatar. Sai a 1999 aka kawo gasar, har maƙwabciyarmu Bauci ta sami rabon wasanni. Haka nan a 2014, saboda cutar Ebola, Maroko ta nemi a ɗage gasar cin kofin Afirka ta 2015. Hukumar ƙwallon Afirka ta ƙi, ta kai gasar Ikwatoriyal Gini.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar wasa ta duniya ta ce ba a fara wasa, ba a kuma ci gaba da shi, idan wani ɓangare yana da ƙasa da mutum bakwai. Abin da ya wuce wannan kuwa an bar wa kowace hukumar gasa ta tsara nata, a nan ne kuma rigima takan taso.

Alal misali, a watan Disamba na 1996 kulob ɗin Middlesbrough na Ingila ya ce 'yan wasansa 23 ba su da lafiya, wasu mura wasu rauni, saboda haka ya ƙi zuwa karawa da Blackburn ba tare da samun izinin hukuma ba. Aka ci shi tarar fam 50,000, aka kuma zare masa maki uku. Da kaka ta ƙare a 1997 sai ya faɗi rukuni na ƙasa, alhali da waɗannan maki uku suna hannunsa da ya tsira. A watan Mayu na 2006 kuma, ranar wasan ƙarshe, 'yan wasan Tottenham wajen goma suka wayi gari da ciwon ciki. Ba a amince da ɗage wasan ba, suka fita a galabaice West Ham ta ci su 2 da 1, Arsenal ta haye matsayi na huɗu ta tafi gasar zakarun Turai. Na farko ya ƙi fita ya yi asara, na biyu ya fita ya yi asara.

Zamanin korona an ga abin da ya fi wannan ban tausayi. A Fotugal, cikin Nuwamba na 2021, Belenenses ta fito da mutum tara kacal ta kara da Benfica. Kafin hutun rabin lokaci an zura mata ƙwallo 7, bayan an dawo kuma alƙalin wasa ya busa tashi don ba su kai bakwai ba. A gasar Afirka da aka yi a Kamaru a Janairun 2022, ƙa'ida ita ce duk ƙasar da ke da mutum 11 masu lafiya tilas ta buga, ko da babu gola a cikinsu. Haka Komoros ta sa ɗan baya, Chaker Alhadhur, ya tsare raga a wasanta da Kamaru, aka ci ta 2 da 1. A Ingila kuwa a lokacin an tsara cewa kulob mai 'yan wasa 13 da gola ɗaya ba shi da hujjar neman ɗagewa.

Hukumomi suna da nasu dalili na tsaurarawa. In aka buɗe ƙofa, kulob ɗin da gwaninsa ya ji rauni zai iya fakewa da cuta ya gudu daga wasa mai wuya. Sa'an nan wasan da aka ɗage sai an nemo masa rana a tsakiyar mako, wanda ke nufin wasa uku cikin kwana takwas, da gajiya, da sabon rauni.

HALIN DA KULOB-KULOB NAMU KE CIKI

Idan haka ta faru ga masu jiragen sama da likitoci birjik, ina ga namu? Kulob ɗin da ya tashi daga Gombe zuwa Aba ko Uyo ko Fatakwal yakan wuni ya kwana a mota ɗaya, mutum kusan talatin suna shaƙar iska ɗaya. A hanya a ci abinci inda aka samu, a sha ruwan da aka tarar. A masauki mutum biyu ko uku a ɗaki guda, a wurin motsa jiki kuma gorar ruwa ɗaya tana zagayawa daga baki zuwa baki. Ta irin waɗannan hanyoyi ne taifot da kwalara da mura ke bi. Da damina ga zazzaɓin cizon sauro, da bazara kuma ga zafin Gombe da lokacin sanƙarau. Ɗan wasan da ya yi kwana biyu yana gudawa ruwan jikinsa ya ragu, in aka tura shi fili da ƙarfe huɗu na yamma ana wasa da ransa ne.

Shi kansa ɗan wasan yakan ɓoye ciwo, don tsoron kada wani ya gaje masa gurbi, ko ya rasa kuɗin alawus na wasa. Mutuwar Chineme Martins na Nasarawa United, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin Lafiya ranar 8 ga Maris 2020 ana wasa da Katsina United, ta nuna yadda tanadin lafiya a filayenmu ke bukatar gyara, ko da yake shi ba annoba ce ta same shi ba.

ABIN YI

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wajibi ne kowane kulob ya sami likita na dindindin mai ikon cewa wane ba zai buga ba, kuma koci ya saurara. A riƙa tafiya da mai dafa abinci da tsabtataccen ruwa, kowane ɗan wasa da gorarsa, a yi allurar rigakafin sanƙarau, a ba da gidan sauro a sansani. Wanda ya fara zazzaɓi ko amai a ware masa ɗaki nan take, a kai shi asibiti; ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari. Ita kuma hukumar gasa ta rubuta ƙa'ida a fili tun kafin kaka ta fara: mutum nawa za su kwanta kafin a ɗage wasa, wane likita ne zai tabbatar, kuma cikin awa nawa za a ba da amsa.

A 2024 Gombe United da Doma United duka sun faɗo daga babban rukuni, saboda haka mutanen wannan gari sun san darajar maki uku. Bai kamata a bar kwanon abinci ko gorar ruwa su zama sanadin rasa su ba.