Soya Sos Na Japan: Yadda Uwargida Za Ta Gane Mai Kyau

Uwargida, idan kin shiga babban kanti neman soya sos don soyayyar shinkafa ko taliya, za ki tarar da kwalabe jere, duk baƙaƙe, amma farashi ya sha bamban. Bambancin yana cikin yadda aka haɗa su, kuma ya shafi lafiyar iyalinki.

Japanawa suna kiran nasu "shoyu". Na asali abu huɗu ne kacal a cikinsa: waken suya, alkama, gishiri da ruwa. Ana turara waken, a gasa alkamar a ɓarza, a zuba musu wata irin fumfuna mai amfani da ake kira "koji", sannan a jiƙa su cikin ruwan gishiri su yi watanni suna nuna. Wannan jiran ne ke fitar da ƙamshi da armashi, kamar yadda kalwa ke zama daddawa bayan an rufe ta.

Akwai kuma na gaggawa, wanda ake narkar da furotin ɗin waken da sinadarin asid cikin 'yan kwanaki, a ƙara masa kala da zaƙi. Wannan hanya kan haifar da wani sinadari mai suna 3-MCPD, wanda a shekarar 2001 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta samu ya wuce ƙima a wasu kwalabe. Don haka ki juya kwalba ki karanta. Idan kin ga "naturally brewed" ko "honjozo", an bar shi ya nuna da kansa. Idan kuwa jerin kayan haɗin ya yi tsawo, har da "hydrolysed vegetable protein", ki mayar da ita.

Nau'i biyar aka sani a Japan, amma uku za su fi yi miki amfani. "Koikuchi" shi ne na yau da kullum, kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke yi, kuma yana shiga kowane girki. Irinsa ne Kikkoman da Yamasa, duka daga lardin Chiba, suka fi sayarwa. "Usukuchi" na yankin Kansai bai kai shi duhu ba, sai dai kada kalar ta ruɗe ki, ya fi shi gishiri. "Tamari" ya fi kauri, kuma alkamarsa kaɗan ce ko babu sam. Idan kina da yaron da alkama ba ta karɓe shi ba, ki tabbatar an rubuta babu ita a jikin kwalbar.

Sai batun da ya dami musulmi. Yayin nunar, ana samun ɗan barasa da ke fitowa da kansa, wasu kamfanonin ma suna ƙarawa don kada ya lalace. Mai son kauce wa shubuha ta nemi kwalba mai tambarin halal, domin Kikkoman ma yana fitar da irinta. A Najeriya kuma ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

Ki kula da gishiri sosai. Babban cokali ɗaya na ɗauke da sodiyam kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai miligiram 2,000 a rana. Ranar da kika sa shi, ki rage gishiri da dunƙule, musamman idan maigida ko kaka na fama da hawan jini. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuwa kada a sa masa a abinci.

Mai kyau, idan kin tsiyaya kaɗan a farin faranti, za ki gan shi ja-ja mai haske, da ƙamshi mai daɗi. Bayan an buɗe, iska na sa shi baƙi da rage ƙamshinsa, don haka ki sayi ƙaramar kwalba, ki rufe da kyau, ki ajiye a firji.