Azurfa a Cikin Tukunya: Ina Amfaninta ga Bafatake?



Duk wanda ya taɓa ɗauko shanu daga Paga da rani, ya ratsa Tamale zuwa Kumasi, ya san irin ruwan da muke sha a hanya. Inda saniya ta sa baki, nan yaranmu ke tsoma galan. Bara wani yaronmu mai rakiyar shanu ya kwanta da amai da gudawa, sai da muka yi kwana huɗu muna jinyarsa. Kafin mu isa kara shanun sun rame, riba ta tafi. Allah dai ya tashi kafaɗunsa.

A Islamiyya an koya mana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. To, wannan hukuncin alwala ne. Ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta na kashin mutum ko na dabba. A 2014 kwalara ta kama fiye da mutum 28,000 a nan Gana, sama da 200 suka riga mu gidan gaskiya.

Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku bayanin wata dabara ta masana, wato kashe ƙwayoyin cuta da azurfar da aka mayar ƙanana ƙwarai. Ma'auninsu sunansa nanomita. A raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin gashin mutum ya kai kamar 80,000, ƙwayar cuta kamar 1,000 zuwa 2,000, ita kuwa ƙwayar azurfar ba ta wuce 100 ba.

Me ya sa sai ƙanana? Ai kun san kanwa. Dunƙule yana daɗewa a kwami, amma dakakkiya nan da nan ta gauraye ruwa. Haka azurfa take. In ta yi ƙanana sai ta riƙa sakin ƙarfinta cikin ruwa, ta lalata fatar ƙwayar cutar, ta hana ta hayayyafa.

Yadda abin ya iso hannun talaka kuwa, ta tukunya ne. Wani masani ɗan ƙasar Gwatemala, Fernando Mazariegos, ya ƙirƙiro ta a 1981. Ana kwaɓa yumɓu da ɓuntun shinkafa ko garin katako, a gasa. Ɓuntun ya ƙone, ya bar ƙofofi ƙanana, sannan a shafa ruwan azurfa. A ɗora ta kan bokiti mai murfi da famfo, ruwa ya riƙa ɗiga. A 2005 aka kafa ƙungiyar Pure Home Water a Tamale, wadda ta yaɗa irin wannan tukunya a arewa.

Amma fa mu faɗi gaskiya. Tukunyar lita 1 zuwa 3 take tacewa a awa, saniya ɗaya kuwa tana iya shan lita 30 a yini. Ke nan ta mutane ce, ba ta garke ba. Ba ta cire gubar maganin feshi, kuma ƙwayoyin da ake kira bairos suna iya wucewa. Azurfar ma tana wankewa a hankali. Tukunyar da ta tsage kuwa, ta tashi daga aiki. In ruwa ya cika laka, a bar shi ya kwanta tukuna, ko a sa alif, in ba haka ba ƙofofin su toshe.

Kada kuma wani ya ce zai jefa zoben uwargida a randa. Wannan ba ya maganin komai.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce: kowace rumfa a kara ta samu tukunya ɗaya, kowace mota ta tashi da jarkar tataccen ruwa ko tafasasshe. Mashayar shanu kuma a nisanta ta da bakin rijiya, don rigakafi ya fi magani. Muna kashe kuɗi wajen allurar shanu ba ma ƙyashi. Yaron da ke kwana a cikinsu ai ya fi bijimi daraja.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.